Ka Kwance Kyamarar Da Na Ɗaura Maka

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga ɗana Sadiƙu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da gajiyar shiri, ina gaida Nafisa da haɗa kaya, ka shafa mini kan Hafsa. Allah ya tsare ku a hanyar da za ku ɗauka ranar Asabar, tun daga ƙofar gidan nan na Hada'ik al-Ma'adi a Alƙahira har ku sauka Madani ta Sudan wurin surukanka. Ya raba ku da sharrin hanya da sharrin ƙarfe.

Na san za ka yi mamaki. Bene ɗaya ne tsakanin ɗakina da naka, amma ga ni ina rubuto maka wasiƙa kamar kana Kano. Sau uku ina hawowa don in faɗa maka da baki, duk sai in ƙare da tambayarka ko ka duba iskar taya. Bakina ya ƙi, shi ya sa na ɗauki biro.

Ga maganar. Kyamarar baya da na ɗaura a karafan ɗinka, motar nan mai ɗakin kwana, makon jiya, ina so ka kwance ta, ka sake ɗaurawa da hannunka, ka gwada da idonka kafin ka saka iyalinka a ciki. Ranar da na gama aikin Nafisa ta ce ka gwada, kai kuwa ka yi dariya ka ce, "Tunda Baba ne ya sa, ai ba sai an gwada ba." Na yi murmushi a gabanku, amma maganar ba ta kwanta mini ba. Motar nan gida ce guda a kan taya, ba ta da gilashin baya, duk abin da ke bayanta sai dai allo ya gaya maka. Hafsa kuwa shekararta uku, kanta da ƙyar ya wuce bamba, kuma babu inda take son laɓewa irin bayan motar nan. Ba zan bari ka jingina ran yarinyar a kan sunana ba, don akwai abin da ba ka sani ba game da ni da wannan aiki.

Ka san na yi rewaya a Kano kafin in zo karatun da ban gama ba, na koma direba. Ka san Madam ta unguwar Zamalek da na yi wa tuƙi, wadda ta sayar maka da karafan ɗin da za ta bar ƙasar. Ka kuma san Amm Ragab, sayis ɗin layinta, mai nuna wa direbobi wurin fakin, wanda yake tafiya da sanda. Kai da sandar ka fi saninsa. Ni na san shi yana tsallake titi da gudu, tire na shayi a hannunsa.

Layin Madam matsattse ne, motoci hagu da dama. Duk sanda na dawo da karafan daga Fayyum ko bakin teku, Amm Ragab ne yake tsayawa a baya yana cewa, "Ta'ala, ta'ala, ta'ala, bass!" wato taho, taho, ya isa, sai ya buga jikin motar da tafin hannu in tsaya. Shekara biyu a haka ban taɓa gogar ko bango ba. Amma ni ban yarda da shi ba. Ya cika fara'a, ya cika tambaya. Ina kuka je? Yaushe Madam za ta dawo? A shekarar nan da gari ya rikice kowa yana kallon baƙo da wutsiyar ido, ni ma sai na ƙudurta a raina cewa mutumin nan ɗan kai rahoto ne. Wata rana na hango shi yana magana da Madam yana nuna motar, na ce shi ke nan, ƙanensa yake nema wa aikina. A ranar na fara lallaɓa Madam a sa kyamara. Na ce mata don lafiyar mota ne. Ƙarya nake, don in daina buƙatar Amm Ragab ne.

To, ka ji na farko. In za ka ƙara wani abu a mota, ka tambayi kanka don me kake so. Kyamara ido ne na ƙari, ba ta korar mutum. Duk inda ka sauka a hanya wani ya tsaya zai duba maka baya, ka sauke gilashi ka ji abin da yake faɗa. Ba cewa na yi ka yarda da kowa ba, Allah ya sauwaƙe. A wuraren hutawar direbobi akwai masu tsaya maka a baya suna ɗaga hannu don abokinsu ya zare jaka ta ƙofar gefe. Ka kulle ƙofofi, Nafisa ta zauna da yarinyar a cinya, amma tagar direba ta kasance a buɗe.

Na tafi kasuwar Ataba sayen kyamarar. Mai shagon ba zan rubuta sunansa ba, ɓatancin da na yi masa ya isa. Ya tambaye ni tsawon motar, na faɗa, ya kira ni yadda suke kiran direba ya ce, "Ya usta, ɗauki mai waya. Marar waya ba ta yi wa doguwar mota." Na dube shi sama da ƙasa na ce a raina, wato so kake ka sayar mini da doguwar waya, ka haɗa ni da mutuminka ya je ya ɗaura. Ni da na yi rewaya tun ba a haife ka ba! Na ce marar wayar nake so. Ya ɗaga kafaɗa ya ba ni.

Na ɗaura ta da hantsi a layin Madam. Na sa giyar baya, allo ya kawo, sai ga matakalar wani gida, ga wani mutum cikin kaki zaune a kujera yana kurɓar shayi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Ashe hoton kyamarar wani gini take kamowa a iska. Ka duba fa, ni baƙo, a layin da ofisoshin jakadanci suke, a irin wancan lokaci, da allo a gabana yana nuna cikin gidan mutane. Da wani ya leƙo ta taga da ban san inda zan kwana ba. Na fizge wayar wuta, na zauna ina jiran a ƙwanƙwasa gilashi.

Saboda haka kada wani ya ruɗe ka da marar waya, ko kyauta ya ba ka. Kuma ka tabbata wutarta daga fitilar ribas take, yadda ba za ta kunnu ba sai ka sa giyar baya. A shingayen hanya, tsakanin nan da Aswan da kan iyaka, kada ka jira su gano ta da kansu. Ka riga su faɗa, ka sa giyar ka nuna musu abin da take nunawa. Mai kaki in ya ga gilashi ƙarami a bayan motar baƙo, ba fakin ne yake fara zuwa ransa ba.

Na koma Ataba da faɗa, na tara masa mutane. Mutumin bai yi gardama ba, ya karɓi tasa ya ba ni mai waya. Rashin gardamar ma sai ya ƙara mini zargi, na ce wanda bai san ya yi laifi ba ai ba ya canja kaya da sauri haka. Ya juya kyamarar ya nuna mini wasu siraran wayoyi biyu a gindinta, kowacce ta fito ta lanƙwasa ta koma ciki, ɗaya kore ɗaya fara. Ya ce, "Koren in ka yanke, layukan awo za su ɓace daga allo. Farar kada ka taɓa ta." Na ce don me? Shago ya cika, ya ce, "Haka take, ya usta, yana cikin takarda." Takardar kuwa tun kafin in shiga jirgin metro na dunƙule ta na yar.

A hanya na yi ta saƙa. Wayar da ta fito ta koma ba ta haɗu da komai ba, mene ne aikinta? Na yanke wa kaina hukunci cewa dabara ce ta masu ƙera kaya, su sa abu ya mutu bayan wata uku ka dawo ka sayi sabo, shi ya sa ya ce kada in taɓa. Ina isa na ɗauki filaya na datse su duka biyun tun daga tushe, ina jin kaina mai wayo.

Sadiƙu, farar wayar nan ita ce take sa hoto ya zama irin na madubi, abin da ke hagunka ya fito a hagun allo, na dama a dama. In an yanke ta sai hoto ya juye, wanda ke tsaye a damanka ka gan shi a hagu.

Wadda na ɗaura maka irin waccan ce. Takardarta tana cikin aljihun da ke bayan kujerar direba, wannan karon ban yar ba. Ka karanta ta tun daga farko har ƙarshe, har da ƙananan rubutun. Ka zare kyamarar ka duba wayoyin nan biyu a cikin rana. Ina kyautata zaton ban taɓa farar ba. Amma likita ya ce yanar ido ta fara rufe mini na dama, abin da ban gaya wa Innarka ba, kuma a inuwa fari da kore mai haske duk ɗaya nake ganinsu. Na gwada da kaina na ga kamar daidai take, sai dai ni kaɗai ne, babu wanda ya tsaya mini a baya.

Sauran aikin ma kada ka raga mini. Ka cire kan batir kafin ka taɓa komai. Ka bi wayar tun daga allo har baya, ka shiga ƙarƙashin motar ka ga ko na kai ta kusa da salansa, ko na bar ta tana lilo inda dutse zai tsinke ta. Ka duba fis. Ka murza baƙar wayar da na ɗaure a jikin ƙarfe ka ji ko tana motsi. In za ka sake huda bango, ka shiga ciki tukuna ka ga abin da ke bayan wurin. Ni wancan karon daga waje na kafa injin huda, ban tsaya ba sai da ruwa ya feso mini a fuska, ashe bututun banɗaki na ɓula. Amm Ragab ya yi dariya har da riƙe ciki, na ƙara tsanarsa. Ka toshe ramin da silikon sosai. Alƙahira ta sa mun manta da ruwan sama, amma daminar Sudan ba wasa ba ce. Ka karkata kyamarar ƙasa har ka ga bakin bamba a allo. Sannan ka sami bokiti mai tsayin Hafsa, ka yi ta gusa shi a bayan motar, kusurwa zuwa kusurwa, har ka san inda yake ɓacewa. Za ka samu akwai wurin, kowace kyamara tana da shi.

Yanzu na zo inda bakina yake ƙi.

Da na gama ɗaurawa wancan karon, na kira Amm Ragab na ce ya tsaya a baya in gwada. Ba gwaji ne ya dame ni ba, so nake ya ga abin da ya maye gurbinsa. Ya je ya tsaya ta gefen dakalin masu tafiya a ƙasa, kusa da wani turken ƙarfe, wato damata. A allo sai ga shi a hagu, ta gefen titi. Na gani, Sadiƙu. Wallahi na gani, kuma nan take na san abin da na yi. Amma na riga na binne guntayen wayar cikin silikon, Madam ta riga ta leƙo ta yaba, gyara kuwa sai na koma Ataba karo na uku na tsaya gaban mutumin da na tara wa jama'a. Na ce a raina ai abu ne mai sauƙi, zan riƙa juya hoton a kaina. Amm Ragab ya zagayo ya leƙo ta ƙofa, na ce masa "Tamam," wato lafiya lau, na ja ƙofar na rufe.

Kwana biyu bayan nan muka dawo daga tafiya da la'asar, na gaji liƙis. Na sauke Madam a bakin ƙofa, na sa giyar baya. Gilashi a rufe, da gangan. Amm Ragab ya je ya tsaya a baya yadda ya saba, ko da yake na gaya masa ba na buƙata. Na gan shi a hagun allo, hannuna ya karya sitiyari don in kai gindin motar dama in kauce masa. Abin da kai ya yi alkawarin tunawa, hannun da ya shekara talatin yana bin madubi bai san da shi ba. Na ji ana buga jikin motar, bugu mai ƙarfi. Ka san abin da na ce a raina? Na ce yana so ya nuna har yanzu da amfaninsa. Ban taka birki ba sai da matar da ke kushk, ɗan shagon bakin layi, ta ƙwala ihu. Ƙafarsa tana tsakanin bamba da turken ƙarfe.

A asibiti ya ce santsi ne ya kwashe shi ya faɗa bayan mota. Ni kuwa na gaya wa Madam kyamarar jabu ce, an cuce mu a Ataba. Haka na gaya wa Innarka, haka na gaya maka. Na cire ta a ranar na jefa a kwandon shara a wata unguwa. Kai da kanka ka riƙa hana abokan karatunka shiga shagon mutumin nan, ina ji ina gyaɗa kai.

Ko shirun da Amm Ragab ya yi ban ɗauke shi alheri ba. Na ce ajiya ya yi, wata rana zai zo ya tatse ni. Shekara huɗu ke nan, duk sanda ya ɗaga sanda ya ce "Ahlan ya hagg," wato sannu Alhaji, sai in ce yau ne. Na kai masa nama da sallah, na kai masa magani, amma duk da ido ɗaya a kansa nake yi.

Abin da zan gaya maka a nan kaɗan ne, don mai irin wannan laifi ba shi da bakin doguwar nasiha. In ka ga kuskure a aikinka, ka tsaya a nan take ka gyara, ko da mai motar yana tsaye, ko da za a yi maka dariya a kasuwa. Kada ka ce za ka riƙe a ka. Kuma ka yi zargi, ban hana ka ba, hanya doguwa ce kuma mutane iri-iri ne. Ka zargi mai shago, ka zargi mai gyara, ka zargi allo. Amma in ka gama lissafa waɗanda kake zargi ba ka ga sunanka a ciki ba, ka sake dubawa. Ni na binciki kowa a Zamalek da Ataba, na bar mutum ɗaya, wanda yake riƙe da filaya.

Jiya na hau mota na je layin. Na same shi a kujerarsa ƙarƙashin bishiya, sandar a jingine. Na tsuguna na faɗa masa komai, tun daga farar waya har gilashin da na rufe. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Na sani, ya hagg. Ranar gwaji da na leƙo na ga kushk ya koma ɗaya gefen. Na buɗe baki zan faɗa, ka rufe ƙofa."

Na ce, "To me ya kai ka tsayawa a baya, alhali ka sani?"

Ya ce, "Don na sani ne na tsaya. Allonka ƙarya yake yi, layi kuma cike da mutane. Wa zan bar wa?"

Na ce, "A asibiti fa? Me ya sa ka rufa mini?"

Ya ce, "Iƙamarka, takardar zamanka a ƙasar nan, a hannun Madam take. Da na faɗa da sun sa ka a jirgi kai da iyalinka, ƙafata kuma ba za ta dawo ba." Sannan ya ce, "Amma kada ka ɗauka na yafe. Shekara huɗu ina zaune a nan ina jiran ka zo ka faɗa da bakinka, kai kuma kana kawo mini nama. Yau ba zan ce maka ma'alish ba, ba zan ce ya wuce ba. Ka dawo wani lokaci."

Na kasa ɗaga kai. Na gaya masa dalilin zuwana, na gaya masa maganar Hafsa da tafiyarku. Sai ya laluba sandarsa ya ce a kawo motar ranar Alhamis, zai tsaya maka a baya ka gwada. Mutumin da na karya wa ƙafa da motar nan! Na ce a'a, wallahi ba zai sake tsayawa bayanta ba ina raye.

Ni zan tsaya. Ka kwance, ka ɗaura, ka kawo ta filin da ke bayan masallacin unguwarmu ranar Alhamis bayan azahar. Nafisa ta riƙe Hafsa a gida. Zan tsaya a kusurwar dama, in koma ta hagu, in durƙusa daidai tsayin yarinyar, kai kuma ka yi ta yin baya har sai ranka ya kwanta. Ranar da safe zan fara biyawa Ataba wurin mai shago in nemi gafararsa. Innarka ba ta san komai ba tukuna, ka bar ni in gaya mata da kaina.

In bayan ka karanta wannan ba ka son ganin fuskata a allonka, ba zan ga laifinka ba, ka nemi wani ya tsaya maka. Amma zan kasance a filin tun azahar, ko ka zo ko ba ka zo ba.

Allah ya kai ku lafiya, ya sauke ku lafiya. Ya tsare gabanku da bayanku, da damanku da hagunku. Ya raya Hafsa, ya sa kada hannunka ya zama sanadin cutar kowa. Ya yafe mini, ya sanyaya zuciyar wanda na zalunta. Amin.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka.